Sababbin Rassa Da Malaman Aro: Amsar Reshe Ga Takardar Faɗaɗa Jami'a

Takardar da hukumar jami'armu ta rarraba wa tsangayu domin jin ra'ayi ta iso ofishin reshe, mun kuwa karanta ta daga farko har ƙarshe, ba sau ɗaya ba. Abu biyu take nema. Na farko, a buɗe sababbin cibiyoyin karatu a garuruwan da ke kewaye da mu, a kuma faɗaɗa karatun ƙarshen mako, domin a samu kuɗin shiga. Na biyu, tun da an ce babu halin ɗaukar malamai na dindindin, a cike guraben da malaman ziyara da na wucin gadi, sannan a ƙawata jerin sunayen da wasu fitattun farfesoshi da za a gayyato daga wasu wurare. An rubuta ta da Turanci mai santsi, an yi mata zane-zanen kibau masu kallon sama. Mu dai da gyaran takardun ɗalibai muke cin tuwo, da ɗan aji biyu ne ya kawo mana hujja irin wannan, da mun mayar masa da ita, kowane shafi da jan biro.

Muna rubuta wannan amsa da Hausa, a nan, domin maganar ta wuce zauren majalisar malamai. Matanmu da mazanmu su ne za su ga maigida ko uwargida ta kama hanya ranar Juma'a da yamma, ba za ta dawo ba sai daren Lahadi. 'Ya'yanmu da ƙannenmu su ne za su zauna a azuzuwan da ake shirin buɗewa, su fito da takardar shaidar da ke ɗauke da sunan wannan jami'a. Saboda haka suna da haƙƙin su ji a kan wane irin lissafi ake son ɗora su.

Ginshiƙin takardar shi ne cunkoso. Ta ce dubban matasa na neman gurbi kowace shekara ba su samu, don haka duk inda aka kafa allo ɗalibai za su cika shi. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne, babu mai musunsa. A 'yan shekarun nan masu zana jarrabawar JAMB sun kusa miliyan 2 a shekara, waɗanda ke samun shiga kuwa ba su kai haka ba ko kusa. Amma daga "mutane da yawa na neman jami'a" zuwa "mutane da yawa za su zo cibiyarmu, su biya kuɗin da muka yanka" akwai kogi, takardar kuma ta tsallake shi ba tare da kwalekwale ba. A watan Agusta na 2025, lokacin da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na tsawon shekara 7, Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana cewa jami'o'i 199 ba su samu ko masu nema 100 ta hannun JAMB ba, 34 daga ciki kuwa ko mutum ɗaya bai zaɓe su ba. Ya kuma ba da labarin wata jami'a a Arewa mai ma'aikata kusan 1,200 da ɗalibai ƙasa da 800. Ashe ƙasa ɗaya na iya haɗa dandazon masu nema da azuzuwan da babu kowa. Masu nema sun san abin da suke nema: likitanci, aikin jinya, shari'a, kimiyyar kwamfuta, a wasu sanannun jami'o'i 'yan ƙalilan. Yaron da ya kwana uku yana kuka don bai samu likitanci ba, ba ya cikin lissafin wanda zai biya kuɗi ya karanta harkar mulki ranar Asabar a ajin wata sakandare da aka ara. (A zaman nan guda da aka sanar da dakatarwar, an amince da sababbin jami'o'i masu zaman kansu guda 9. Wannan ma hujja ce da ke buƙatar jan biro, amma ba ita ce a gabanmu yau ba.)

Tun da marubutan takardar sun zaɓi su yi mana magana da harshen 'yan kasuwa, to bari mu bi su kasuwar. Duk ɗan tiredan da ya daɗe a Kantin Kwari ko Sabon Gari ya san cewa taron jama'a a bakin shago daban, ciniki daban. Lokacin da Shoprite ya buɗe a katafaren kantin Ado Bayero da ke Kano a 2014, mutane sun yi ta tururuwa, wasu don sayayya, wasu don kallo da ɗaukar hoto da shan sanyin na'ura. Wanda ya tsaya a ƙofa yana ƙirga kawuna zai rantse an gama samun arziki. A farkon 2024 reshen ya rufe. Masu kanti suna da sauƙi guda da mu ba mu da shi: idan ciniki ya ƙi, sai su karya farashi, su kwashe sauran kaya, su miƙa wa mai gida mabuɗinsa. Jami'ar da ta ɗauki yaro a aji ɗaya ta ɗauki alkawarin shekara huɗu ko biyar. Ranar da cibiya ta gaza, ina za a kai ɗan aji uku? A wane shafi na takardar aka amsa wannan? Mun duba, babu.

Hujja ta biyu ita ce ta maƙwabci. An ce wata jami'a ta yi irin wannan, ga shi ta sayi motoci ta gina ofisoshi. Ba a faɗa mana yawan malamanta ba, ba a faɗa mana girman garin da take ba, ko yawan ma'aikatan gwamnati da na bankuna da ke zaune a can masu iya biyan kuɗin karatun yamma. Abin da ya fi muni, ba a ambaci ko ɗaya daga cikin waɗanda suka gwada suka faɗi ba. Wanda ke ƙirga masu dawowa daga fatauci da riba, ya ƙi leƙa gidajen waɗanda suka karye, kullum zai ga fatauci ba shi da hatsari. Tarihin wannan harka kuwa a rubuce yake. A shekarun 1990 jami'o'in ƙasar nan sun baza cibiyoyin karatu a birane masu nisa da mazauninsu, wasu a benayen haya, har abin ya zama abin kunya, aka ba da umarnin rufe su a 2001. A 2012 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta dakatar da karatun wucin gadi a dukkan jami'o'i saboda yadda aka mayar da shi saniyar tatsa. Takardar da ke neman a koma kan hanyar da aka rufe har sau biyu, ba ta kuma ce uffan a kan dalilin rufewar ba, ko dai marubutanta ba su sani ba, ko sun sani sun yi shiru. Ba mu san wanne ya fi ban tsoro ba.

Sai batun kuɗi, inda zanen kibau ya fi yawa. An ninka adadin ɗaliban da ake fata da kuɗin makarantar da ake fata, aka kira abin da ya fito "riba". Ko mai sayar da ƙosai ta san sai ta cire kuɗin wake da mai da itace kafin ta ce ta samu. Ina kuɗin haya, da na man janareta, da na mota da direba, da na masu gadi, da alawus ɗin malamai, da na masu sa ido a jarrabawa? Ina kason waɗanda za su biya zangon farko su ɓace a na biyu, a wannan zamani da buhun shinkafa ke gogayya da albashin ƙaramin ma'aikaci? An rubuta cewa TETFund za ta taimaka da gine-gine. Mu ne ya kamata mu fi kowa sanin abin da wannan asusu ke yi da abin da ba ya yi, domin daga gwagwarmayar ƙungiyarmu ya fito: yarjejeniyar 1992, zamanin shugabancin Attahiru Jega, ita ta haifi dokar harajin ilimi ta 1993. Asusun na gina azuzuwa, yana sayen kayan ɗakin gwaji, yana tura malamai ƙaro karatu. Ba ya biyan albashi. Gini kuwa sau ɗaya ake yin sa, albashi kowane wata yake dawowa. Shi ya sa za ka shiga harabar sabuwar jami'a ka ga bene mai sheƙi da tambarin asusun a goshinsa, ka hau ka tarar da ofisoshi a kulle, domin masu su suna wata jami'ar sai ranar Alhamis.

Nan muka iso inda takardar ta fi rauni, kuma inda ta fi shafar mu. Jarin jami'a shi ne malami. Ana iya gina aji cikin wata shida, a sayo kujeru cikin mako guda, amma malamin da zai tsaya a gaban ajin sai ya yi digirin farko shekara huɗu ko biyar, ya yi hidimar ƙasa shekara guda, ya yi digiri na biyu, ya yi na uku, wanda a yanayinmu kan ci shekara huɗu ko fiye. Kafin ya kai matsayin da zai duba binciken wani, an haura shekara goma sha biyar daga ranar da ya fara shiga jami'a. Babu kasuwar da ake zuwa a sayo shi da sari. Adadin da ke ƙasa shi ne adadin, sai wanda aka raina a hankali.

A 2012 kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu domin binciken buƙatun jami'o'in gwamnati ya ƙirga malamai 37,504 a duk faɗin ƙasar, kuma kashi 43 cikin 100 ne kawai ke da digiri na uku. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba malaman dindindin ba ne a inda aka ƙirga su. A daidai wannan lokaci aka kafa sababbin jami'o'in tarayya 9 a 2011, ciki har da na Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Lafiya da Wukari, aka ƙara 3 a 2013 a Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa, ban da na jihohi da masu zaman kansu da suka yi ta ɓullowa tun daga nan. Daga ina malamansu suka fito? Daga Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Tulun bai ƙaru ba, mofuna ne suka ƙaru. Sannan ga waɗanda suka tattara takardunsu suka tafi Saudiyya da Malesiya da Ingila da Afirka ta Kudu, kowa a cikinmu na iya lissafa na sashensa da yatsu.

To takardarmu ta ce za ta ɗebo malaman ziyara. Daga wane tulu? Daga wannan dai. Farfesa guda a yau na iya kasancewa a jerin malaman jami'a uku ko huɗu, kowace ta nuna sunansa ga masu tantancewa na NUC a matsayin nata. Ka'idar hukumar ta ce a fannonin fasaha da zamantakewa malami guda ga ɗalibai 30, a kimiyya guda ga 20, a injiniyanci guda ga 15. A kan takarda kowace jami'a ta kusa cika ka'ida. A cikin aji kuwa, mutum guda ne aka raba gida huɗu, yana koyar da darasin wata uku cikin kwana biyu, daga safe zuwa magariba, ɗalibai na rubutu har yatsu su ƙage, ba tambaya, ba muhawara, ba wanda zai ƙwanƙwasa wa ƙofa ranar Talata idan bai gane ba. Hausawa sun gama magana da suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Wannan dabara ta ƙirga jari guda sau da yawa mun taɓa ganin ƙarshenta a wani fagen. Bayan haɗe bankuna na 2005, lokacin da suka ragu daga 89 zuwa 25, wasu sun shiga tseren buɗe rassa a kowace kusurwa da ƙasashen waje, suna ba da bashi a sayi hannun jari, har da nasu na kansu, farashi na hawa, littattafai na nuna ƙarfi. A watan Agusta na 2009 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna 5 rana ɗaya, aka zuba naira biliyan 420 domin kada su durƙushe, daga baya kuɗin ya kai biliyan 620. Banki yana da Babban Banki da zai ceto shi. Ɗalibin da ya fito da digirin da babu ilimi a bayansa, babu asusun da zai mayar masa da shekarunsa huɗu, kuma asarar ba ta bayyana a littafin kowa sai ranar da ya tsaya gaban aji, ko gaban majinyaci, ko ƙarƙashin gadar da ya zana.

Mun san da yawa daga cikin masu wannan zirga-zirga 'yan ƙungiyarmu ne, ba kuma za mu jefe su da dutse ba. Lokacin yajin aikin wata 8 na 2022, albashin farfesan da ya kai ƙololuwa bai kai naira 500,000 a wata ba, a kan tsarin da aka sa wa hannu tun 2009. Mutumin da ke da iyali da 'yan'uwa, aka kuma riƙe masa albashin watanni, ba a tambayarsa dalilin da ya sa yake bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau da hantsi yana addu'a. Abin da muke ƙi shi ne hukuma ta ɗauki wannan larura ta mayar da ita tsari, ta gina sababbin rassa a kan yunwar malamai, sannan ta kira abin tsimi. Arhar malamin ziyara daga ina take zuwa? Ba ya duba kundin bincike yadda ya kamata, ba ya zama a kwamiti, ba ya riƙe ofishin jarrabawa, ba ya rainon ƙananan malamai. Waɗannan ayyuka ba su ɓace ba. Suna faɗowa ne a kan 'yan tsirarun da ke zaune, musamman matasan da ya kamata a ce suna rubuta digirinsu na uku. Wato ana cinye irin shuka domin a ƙoshi yau.

Batun fitattun farfesoshi kuwa, an kifar da sanadi ne a kansa. Takardar ta lura cewa manyan jami'o'i na da manyan sunaye, sai ta yanke cewa sunayen ne suka girmama su, don haka mu ma mu ɗauko biyu ko uku. Ba ta tambayi abin da ya kai sunayen can ba, kuma abin da ya zaunar da su: ɗakin karatu, ɗakin gwaji mai wuta da ruwa, abokan aiki, ɗaliban bincike. Babban malami yana gina sashe ne idan ya zauna. Abdullahi Smith ya zo Zariya a farkon shekarun 1960, ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara rubuce-rubucen Arewa, ya jagoranci Gidan Arewa a Kaduna, ya raini ɗalibai irin su Yusufu Bala Usman da Mahmud Tukur, ya zauna a ƙasar nan har rasuwarsa a 1984. Abin da ake kira mazhabar tarihi ta Zariya daga wannan zama ya fito. Da yana zuwa ne sau biyu a zango ya kwana a masauki ya koma, da ba a samu ko ɗaya daga cikin wannan ba. Kuɗin da za a kashe wa baƙo guda na alawus da masauki da tikitin jirgi, a lissafa mana matasa nawa masu digiri mai daraja ta ɗaya zai ɗauka a matsayin mataimakan malamai.

Za a ce an hana ɗaukar ma'aikata. Shekaru da dama IPPIS ne uzurin, kuma uzuri ne na gaske, mun yi yajin aiki a kansa. Amma tun Disamba 2023 Majalisar Zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin, aka kuma ce majalisun gudanarwa su ɗauki ma'aikatansu ba sai sun je Abuja neman izini ba. Idan har yanzu akwai wani shinge, a nuna mana wasiƙar, mu taya hukuma yaƙi da shi, domin wannan yaƙinmu ne tun asali. Abin da muka sani shi ne, a tsawon shekarun da ake cewa ƙofa a rufe take, sababbin fuskoki ba su daina bayyana a ofisoshi ba, ba tare da an ga talla a jarida ko an ji ranar ganawa ba. Ƙofar da ke buɗewa ga mai takardar wani babba, ta rufe ga sashen da ya shekara biyar yana roƙon malamin lissafi, ba takunkumi ne ya rufe ta ba.

Akwai kuma 'yar ƙididdigar jin ra'ayi da aka liƙa a ƙarshen takardar, wadda ta ce mafi yawan ɗaliban ƙarshen mako sun gamsu. An tambayi waɗanda suka rage ne, a cikin aji, malami na tsaye. Waɗanda suka bari ba su nan balle su amsa.

Ba mu ce hukuma ta ƙirƙiri talaucinta ba. Kuɗin gudanarwa da gwamnati ke turowa ba ya biyan ko kuɗin wuta, wannan kowa ya sani, kuma alkawarin naira tiriliyan 1.3 na farfaɗo da jami'o'i da aka yi a 2013 bai wuce kason farko da 'yan ɓurɓushi ba. Ba mu kuma ƙi yaran ƙauyukanmu su samu karatu kusa da gida ba; yawancinmu daga irin waɗannan ƙauyuka muka fito. Amma gaskiyar matsala ba ta mayar da kowace shawara magani, kuma wanda ya ce "dole a yi wani abu" bai riga ya nuna cewa wannan abin ne ya kamata a yi ba.

Saboda haka reshe na neman hukuma ta ajiye wa majalisar malamai cikakken lissafin karatun ƙarshen mako da muke da shi yanzu, na shekara biyar da suka wuce: abin da ya shigo, abin da ya fita, inda ragowar ta tafi, da bashin alawus da malamai ke bi. Muna neman jerin malaman kowane sashe, a ware na dindindin daga na ziyara, a ajiye shi kusa da yawan ɗalibai, kowa ya gani da idonsa. Duk kwas ɗin da bai cika ka'idar NUC da malamansa na kansa a nan cikin gida ba, kada a kai shi ko'ina. A tallata guraben mataimakan malamai a fili, a fara da sassan da suka fi jin jiki. Wakilanmu a tsangayu su karɓi kwafin takardar daga sakataren reshe, su karanta ta tare da 'yan sashensu, su zo babban taron reshe mai zuwa da adadin malamai da ɗaliban sashensu a rubuce, domin da waɗannan alƙaluma za mu shiga zauren majalisa.